Tattasan Baba Cikin Zannuwan Inna

Assalamu alaikum, Yaya Sanusi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Yaya zafin Fatakwal? Mu nan Tambuwal kowa lafiya lau, Alhamdulillahi.

Labarin Baba zan ba ka. Bana cikin zaure ya yi renon tattasai, don tsoron awaki. Da munka dasa shi a garka, ganyen duk ya yi fari ya ƙanƙance. Hankalin Baba ya tashi, don da shi munka dogara da rani.

Malamin gona ya duba ya ce, "Baba, cikin hasken rana akwai wani wanda ido ba ya gani, shina ƙona ganye. Shukar da ta tashi cikin inuwa ba ta san shi ba. A yi mata rumfa, ta saba sannu a hankali."

Baba bai shawarci kowa ba. Ran sunan jikar Gwaggo a Jabo, Inna ta buɗe akwati, babu zane ko ɗaya. Can garka munka iske su bisa sanduna, har da leshin da ka aiko mata.

Inna ta ce wa Baba, "Malam, ni ko tattasai?"

Ya ce, "Ai ke kin saba da rana."

Tattasai ya murmure, amma har yau Baba gidan Gwaggo yake cin tuwo. Ka sa su cikin addu'a, su shirya. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Nafisa