Tulin geron da ya mai da Hadiza aji

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal?

Ɗiyarka Hadiza ta so ajiye karatun kimiyya, wai ta kasa gane yadda sinadarai ke haɗuwa suna warwarewa lokaci guda, amma a ga kamar sun tsaya. Na ja ta kasuwar Ƙaura, na ce, "Dubi tulin geron nan. Na Zurmi na shigowa, motoci na kwashewa. Ya ragu?" Ta dubi tulin, ta ce, "Baffa, in ya yi yawa kuma, fitar ke rinjaye har ya daidaita!"

Ta koma aji. Tun ranan nake hango ta cikin farar rigar masana kimiyya, sabuwar jiharmu na alfahari da ita. Jarrabawa ran Litinin, a sa ta a addu'a. Gaida Inna Rabi.

Ƙanenka,
Bello