Hannun da Ya Saki Tsani

Zuwa ga mijina, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, abokin faɗana kuma abokin dariyata, mai fentin da ya ƙawata gidajen mutane ya dawo ya ƙawata rayuwata.

Aminci ya tabbata gare ka a inda kake kwance, masoyina. Na san ba a kai wasiƙa kabari, amma da wa zan yi magana? Tun da ka tafi kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, har kalmar ta zame min tsakuwa a cikin shinkafa. Kai kaɗai ka iya zama ka saurari mitata tun daga fari har ƙarshe, kana kankare busasshen fenti daga farcenka, in na yi shiru ka ce, "Uwar mita, kin gama ko in kawo miki ruwa ki ci gaba?" To yau ma saurara, don ban gama ba.

Ka tuna ranar da ka yi wa ɗakinmu fenti? Na ce shuɗi nake so, ka kwaso ragowar gwangwanaye daga wurin aiki, shuɗin ya ƙare a bango na uku, ka rufe na huɗun da kore. Na yi fushi na ƙi ba ka abinci, kai kuma ka rantse haka masu kuɗi suke yi yanzu, ni ce ban waye ba. Wayyo, hasken gidana! Yau wannan koren bangon nake jingina da shi in yi kuka. Duk ɗakin babu inda ya kai shi kama da kai.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya hana idona bushewa. Ɗan Gayu, abokin aikinka, wanda kake kira ƙanenka, wanda ya ci daga tukunyata har ya san inda nake ajiye cokali, shi ne ya kawo mana labarin faɗuwarka. Ya ce yana riƙe da tsanin da hannu biyu, ya danne ƙasansa da ƙafa kamar yadda ka koya masa, tsanin ne kawai ya zame. Ya yi kuka har mu da aka yi wa mutuwa muka koma ba shi baki. Tun daga nan bai yanke ƙafa daga wurin Inna, mahaifiyarka, ba. Shi ke karɓo mata magani, shi ke gyara mata fitila, ita kuma tana sa masa albarka, tana cewa ai ga ɗan da aka bar mata.

Sai ga wani bidiyo ya faɗo wayata. Wata maƙwabciya ce ta tura wa matan layinmu ba tare da ta gane fuskar ba, har da rubutun cewa a yaɗa don mutane su ɗauki darasi. Na buɗe, sai ga ka, rabin raina, a can saman tsani kusa da tagar bene, buroshi a hannunka, hular nan taka da na sha cewa ka jefar tana kanka. Daga bayan wayar wata murya tana dariya, tana cewa ka juyo ka yi wa duniya murmushi. Ko cikin barci aka tashe ni na san muryar Ɗan Gayu. Ka juyo kuwa, ka yi murmushin, ka ce, "Ajiye wayar nan ka riƙe min tsani, uwar mita na jira na a gida."

Bai ajiye ba. Hoton ko girgiza bai yi ba sai da komai ya wuce. Daga baya ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, har aka samu mai gwaninta ya ɗora masa kiɗan tausayi.

Wane irin zamani ne wannan, masoyina? Yaushe hannun mutum ya fi saurin kai wa waya fiye da kai wa ɗan'uwansa? Mutanen da ba su taɓa jin ƙanshin fenti a wuyanka ba suna kallon faɗuwarka tsakanin bidiyon rawa da tallan takalmi, su manna 'yar fuska mai hawaye, su ja yatsa su wuce. Ni ma da nake zaginsu ban fi su ba. Kullum sai na kunna, in tsayar da shi daidai inda ka ambace ni, in sake mayarwa baya. Na tsani abin nan kamar mutuwata, amma na kasa gogewa, domin nan ne kaɗai muryarka ta rage min.

Yayata ta ce in watsa sunan Ɗan Gayu da hotonsa, in bar duniya ta cinye shi ɗanye. Na ƙi. Fushin baƙi ba ya kwana, gobe wani bidiyon zai fito su manta. Ni ba a gaban duniya nake so ya ji kunya ba, a kan tabarmar Inna nake so, inda yake zama yana shan albarkar da ba tasa ba. Ka san idonta ya yi rauni, wayarta kuma ta kira ce kawai, don haka ba ta ga komai ba. Duk zuwansa sai ta roƙe shi ya maimaita mata maganarka ta ƙarshe, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce wai cewa ka yi a gaishe da Inna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma nasa ya zo ƙarshe. Na kai wayata wurin mai gyara ya yanke min bidiyon, ya tsaya a kan maganarka, babu faɗuwar, babu kiɗan.

Na san abin da za ka ce, mai sanyin hali. Za ka ce in bar shi da Allah, yaro ne, kuskure ne, kada in ƙwace wa tsohuwa sandar da take dogarawa. Kuskuren zan iya haɗiyewa wata rana, ƙaryar ce ta tsaya min a wuya. Ina jin tausayin Inna har cikin ƙashina, kuma ina tsoron abin da gobe za ta yi mata. Amma kai ne mai yafiyar gidanmu, ka tafi da ita, ka bar ni da wannan zuciyar. Ka yafe min, farin watana, wannan karon ba zan ji maganarka ba.

Gobe da hantsi zai zo da maganinta. Zan bari ya zauna, ya gaishe ta, ta sa masa albarka, ta yi masa tambayar da ta saba. Kafin ya buɗe baki zan kunna. Inna za ta ji dariyarsa, ta ji muryar ɗanta. Idan ta juyo wajen Ɗan Gayu ta ce, "Ɗana, wa yake ce wa ya riƙe tsani?" ni ba zan ce uffan ba. Shi zai amsa.

Taka ce ni tun kana raye, taka ce yanzu da ƙasa ta rufe ka, kuma babu wanda zai ji kalmar so daga bakina bayanka har a kwantar da ni inda aka kwantar da kai.

Matarka,
Uwar mita