Rasuwar Alhaji Alkasim Kagara da Kwana Taran da Muka Yi Shiru

Cikin alhinin da ya yi mana nauyi a ƙirji, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Gaɓar Arewa da ke tsibirin Staten Island, a birnin New York, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta Alhaji Idrissa Hamidou, tana sanar da jama'a samun labarin rasuwar Mataimakin Shugabanta, Alhaji Alkasim Bawa Kagara, wanda Allah Ya karɓi ransa a Monrovia ta ƙasar Laberiya ranar Asabar 17 ga Oktoba, 1992, kwana biyu bayan harin ba-zata da 'yan tawaye suka kai wa birnin. Wani bam ne ya faɗo kusa da ƙaramin asibitin da yake aikin sa-kai, kuma Musulmin unguwar sun yi masa sutura a ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar uwargidansa Hajiya Nimatu da 'ya'ya biyu, Rufaida da Amal.

Marigayin tsohon saje ne mai aikin jinya a rundunar sojan Najeriya, kuma ya shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki a wani asibiti a nan tsibirin. Mun shekara muna kiran sa Dakta, shi kuma ya shekara yana cewa shi ba likita ba ne, har muka gajiyar da shi ya daina gyara mana. Duk ranar Juma'a bayan an idar da salla a masallacin unguwar Tompkinsville yakan baje abin awon jininsa a kan benci, babu mai wucewa sai ya miƙa hannu, Alhaji ne ko mai tallar agogo. A wajen walima, da ya ga kwalbar gishiri a gaban mai hawan jini sai ya ɗauke ya zura a aljihu, ko kunyar baƙi ba ya ji. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke kasuwanci a bakin titi sun san sau nawa ya bar hutunsa ya bi su asibiti yana yi musu tafinta, kuma mamatanmu bakwai da ke kwance a wannan ƙasa shi ya wanke su da hannunsa.

A watan Agusta ne ƙungiya ta tara ganga huɗu ta magunguna domin mutanen Laberiya, waɗanda danginsu maƙwabtanmu ne a unguwar Stapleton. A lokacin, mu da mutanen gida duk ra'ayinmu ɗaya ne: sojojin Afirka ta Yamma sun riƙe Monrovia, yaƙi ya kusa zama labari, kuma muna taƙama da cewa yaranmu sojojin Najeriya da ke cikinsu ne suka kashe wutar. Da aka zo batun wanda zai raka kayan, hannu goma sha huɗu, na dukan 'yan kwamiti, aka ɗaga a kan sunan Alhaji Alkasim. Ya nemi mu jinkirta zuwa ƙarshen shekara, domin a cewarsa shirun da ake ji daga can bai kwanta masa ba. Muka yi masa dariya, ni da nake rubuta wannan har na tsokane shi da cewa tsohon soja ya zama farar hula. Ya yi murmushi ya ce to, ya tafi.

Harin ranar 15 ga wata ya juya zukata cikin mako guda. Wasiƙu da wayoyin da ke zuwa mana daga Kaduna da Kano sun nuna cewa waɗanda suka yi tafi jiya su ne yau suke tambayar me ya kai 'ya'yanmu yaƙin da ba namu ba. A nan ma haka aka yi. Wasu daga cikinmu sun daina amsa gaisuwar maƙwabtanmu 'yan Laberiya, wasu kuma, abin da ya fi ƙona mana rai, sun fara cewa marigayin shi ya kai kansa. Ƙungiya tana shaida wa duniya cewa wannan magana ƙarya ce. Bai kai kansa ba, mu muka aike shi, kuma ya gargaɗe mu kafin ya tafi.

Akwai laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni, kuma kwamiti ya umarce ni in rubuta shi ba tare da kwana-kwana ba. Labarin rasuwar ya iske mu ta waya tun ranar Litinin 19 ga wata. Muka ce a al'adarmu ba a faɗa wa mace mutuwar mijinta sai ta bakin babba daga danginsa, don haka a jira yayansa Malam Yusha'u, direban babbar mota a Chicago, wanda yake kan hanya ba a samun sa. Al'adar gaskiya ce, amma mun ɓuya ne a bayanta. Ra'ayin jama'a ya riga ya juya, kuma a cikin mu goma sha huɗu babu wanda ya yarda ya zama fuskar da za ta tsaya a ƙofar Hajiya Nimatu.

Kwana tara muka yi shiru. A cikinsu aka yi suna a gidan ɗaya daga cikinmu, ta zo da lalle a hannu da sabon zane, tana raba mana abinci tana tsokanarmu cewa mu ci gishiri kafin Dakta ya dawo, alhali ya kamata a ce tana cikin takaba. Duk namijin da ke ɗakin ya sani. Da za ta tafi ta miƙo mini kaset ɗin da ita da yara suka ɗauki muryoyinsu, kamar yadda ta saba kowane mako biyu, ta ce in ba duk matafiyin da na samu ya kai wa mijinta. Na karɓa, na ce da ita in sha Allahu zai isa. Ranar Laraba 28 ga wata, a tashar jirgin ruwa ta St. George, Hajiya Nimatu tana hanyar zuwa aiki, Madam Kebbeh, maƙwabciyarta 'yar Laberiya wadda ƙaninta yake aiki tare da marigayin, ta rungume ta tana kuka tana yi mata gaisuwar mutuwa, a zatonta ta daɗe da sani. A tsakiyar baƙi ta ji, daga bakin mutanen da wasunmu suka daina gaisarwa.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Nimatu, da Rufaida da Amal, da Malam Yusha'u, da ɗaukacin zuri'ar Malam Bawa a Kagara. Allah Ya jiƙan Alhaji Alkasim, Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka makwancinsa a ƙasar da ba tasa ba, Ya ba iyalinsa juriyar da mu muka kasa taya su nema a kan lokaci. Za a yi masa addu'a ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar Azahar a Tompkinsville, kuma muna gayyatar maƙwabtanmu 'yan Laberiya; duk ɗan ƙungiyar da hakan bai yi masa ba, ya yi zamansa a gida.

Mun je gaban Hajiya Nimatu mu goma sha huɗu mun nemi gafararta. Ba ta ce ta yafe ba, ba mu kuma da bakin da za mu matsa mata. Da na fito da kaset ɗin zan mayar mata, ba ta miƙo hannu ba. Abin da kawai ta faɗa shi ne, "Alhaji, kai ka karɓa da hannunka, ka ce zai isa. To ka kai masa."

Saboda haka kwamiti ya amince cewa ranar da hanya ta buɗe ni zan raka sauran magungunan da aka tara bayan tafiyarsa zuwa Monrovia, in nemi kabarin, in sa masa alama, in dawo in gaya mata inda mijinta yake kwance. Wannan karon ba a ɗaga hannu ba, ni na nema. Kaset ɗin yana aljihuna.

Alhaji Mukhtari Sale Gwarzo
Kakakin Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Gaɓar Arewa
Staten Island, New York
2 ga Nuwamba, 1992