Umarnin da Ka Fassara

Zuwa ga mahaifina, Saje Garba, wanda ƙasar Makka ta rufe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka daga ɗakin haya a unguwar Ka'akiyya a nan Makka, da bokon da ka koya mini, wanda kai ma a soja ka koyo shi. Na san ba za ka karanta ba. A waya zan sa wasiƙar, 'yan uwanmu na nan da na gida su karanta, don bakina ya gaji da maimaita labarin nan.

Baba, an kama Yusufa. Ba ka san shi ba, bayan rasuwarka na haife shi, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Yau kwana goma sha ɗaya da ya ɗauki jakar kayan aikinsa zai je unguwar Rusaifa, aka tsayar da motar da yake ciki, aka tambaye shi iƙama, wato takardar izinin zama. Ba shi da ita, kamar yadda ni ba ni da ita, kamar yadda kai ma ba ka taɓa yin ta ba. Yanzu yana gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Najeriya za a kai shi, ƙasar da bai taɓa takawa ba, da Hausar da ko gishiri zai saya sai rabin maganar ta fito da Larabci.

Tun ranar nake tuna ƙwallayen dabinonka. A tsohon gidanmu na Jarwal, wanda otal ya hau kansa yanzu, in ka gama cin dabino da la'asar ba ka zubar da ƙwallayen. Sai ka jera su a kan tabarma layi-layi, ka ce ga jiragen ruwan da suka ɗauke ku daga Ikko lokacin yaƙin Turawa. Ka ɗauko tsakuwa huɗu ka sa a gefe, ka ce waɗannan su ne jiragen yaƙin Ingila masu rakiya. Ni da yayyena, Habibu da Sani, mun ji labarin har mun haddace. Mukan riƙa zungurar juna, wani lokacin Sani ya sace jirgi guda ya jefa a baki yana tsotsa.

Kai ne sajen Hausawa a jirgin da ke gaba, kuma kai ne tafinta, shi ya sa ake kiran ka ɗakin taswira in za a ba da umarni. Ka ce shugaban ayarin wani tsohon hafsan ruwa ne da aka dawo da shi aiki bayan ya yi ritaya, kana ce masa Madugu. Shugaban jiragen rakiya kuwa matashi ne mai zafin kai. Sama da su duka akwai manyan da ke zaune a ofis a Ingila, su kuma kansu a rabe yake. Wasu na ganin aikin jirgin yaƙi shi ne ya tsaya da ayari, kamar makiyayi da garkensa. Wasu na ganin wannan ɓata ƙarfi ne, gara a fita a farauto abokin gaba tun bai iso ba.

Rannan saƙo ya zo ta wayar iska cewa an hango jirgin abokan gaba a wani wuri, jiragen rakiya uku su bar ayari su bi shi. Madugu ya ce bai yarda ba, ya mayar da amsa. Aka sake aiko umarnin. Matashin ya ɓullo ta tasa wayar yana goyon bayan ofis. Ka ce wuni guda ana kai ruwa rana, Madugu ya buga tebur har kofin shayinsa ya kife a kan taswira. Daga ƙarshe sai ka kwashe tsakuwa uku daga tabarma ka sa a aljihu.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, jirgin ƙarƙashin ruwa ya harbi jirgin da ke bayanku. Ƙanenka Ilu yana cikinsa, wanda kai ka ja shi ya shiga soja. Dokar ayari ita ce ba a tsayawa ɗaukar waɗanda suka faɗa ruwa, don jirgin da ya tsaya shi za a harba na gaba. Wannan aikin masu rakiya ne, ga shi saura guda ɗaya, shi ma ya bi maharbin. Sojojinka suka yi cincirindo a bakin jirgi suna kiran sunayen 'yan garinsu. Madugu ya sa aka kira ka, idonsa ya yi ja, ya ce ka gaya musu su koma ƙasa, jirgi ba zai tsaya ba. Kai kuwa ka hau kan akwati ka faɗa musu da Hausa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

A nan kake tsayawa kullum. Sai ka tattara ƙwallayen ka ce, “Uwata, kawo mini ruwa.” Sai da na yi hankali na gane dalilin da ya sa ka sa mini sunan mahaifiyarka. Da aka sallame ku ba ka iya zuwa ka dubi idonta ba. Ka biyo hanyar alhazai ta Sudan, ka yi aikin hajji, ka zauna, ka yi aure da furfura a gemu. Har ta rasu ba ta ji daga bakinka yadda Ilu ya tafi ba.

Na taɓa tambayar ka wanda ya yi daidai, Madugu ko mutanen ofis.  Sai ka ce da jiragen nan ba su tafi ba, wataƙila wani ayarin ne zai halaka, da wasu Ilun a ciki. Ka ce, “Kowannensu yana da hujja, Uwata. Mu dai a ƙasan jirgi muke.” Na so ka zagi wani. Wallahi da ka zagi wani, da ya fi mini sauƙi.

To, Baba, yau zan faɗa maka abin da ban iya faɗa ba kana raye. Ka fito daga tekun nan da ɗabi'a guda: in manya suka saɓa, ba ka motsi sai sun daidaita. Ina budurwa aka yi shelar cewa waɗanda suka daɗe a garin nan ba takarda su je a rubuta sunayensu. Dattawan unguwa suka rabu biyu. Limaminmu ya ce a je, wannan dama ce. Mai unguwa ya ce duk wanda ya ba da sunansa ya nuna ƙofar gidansa ke nan. Kullum bayan sallar la'asar suna zaune a ƙofar masallaci suna ta da jijiyar wuya. Gidaje da yawa kai suke kallo, don kai ne ka yi aiki da Turawa, ka san takarda. Kai kuma ka ce a jira dattawa su haɗa baki tukuna. Ba su haɗa ba har aka rufe rubutun.

Kana da abin da ka dogara da shi kuma, jan littafin nan na sallama daga soja, mai hatimin Sarkin Ingila, wanda kake naɗewa a cikin tsumma. Kana ganin duk inda aka buɗe shi za a tashi tsaye. Makon jiya na kai shi wajen wani mai rubuta wa mutane takardun koke. Ya jujjuya shi da ladabi, ya ce masha Allah, abin tarihi ne, in adana shi da kyau. Ya miƙo mini, ya kira na gaba.

Yanzu ga 'ya'yanka maza sun gaje abin. Kullum suna ɗakina. Yaya Habibu ya ce in zauna inda nake, wataƙila a yi afuwa, kuma tsohuwa irina ba wanda zai neme ta. Yaya Sani ya ce in kai kaina wurin hukuma a haɗa ni da yaron, don ba shi da kowa a can, ga ciwon suga, allura yake yi safe da yamma. Habibu ya ce in na dangwala yatsa a takardun hukuma shi ke nan, da shekaruna ba zan sake ganin garin nan ba. Sani ya ce to yaron fa? Manyan hafsoshi biyu, ko kwalekwale babu mai shi. Na dafa musu shayi har ganyen ya ƙare, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne duk cikinsu babu mai ƙarya.

Shekaranjiya aka ba Yusufa waya ya kira ni. Muryarsa ta dushe. Ya gauraya da Larabci yana gaya mini lafiyarsa ƙalau, ya ce, “Ummi, ana bikhair, kar ki zo. Khalas, ki zauna.” Sannan ya tambaye ni sunan garinmu, don an ce sai ya rubuta. Na gaya masa sunan ƙauyenka sau uku, yana maimaitawa yana kuskure. Ban san ko akwai sauran mai tuna ka a can ba. Ban ma san ko ƙauyen yana nan ba.

Ba na jiran su daidaita, Baba. Gobe bayan azahar zan kai kaina. Kada ka ɗauka ƙarfin hali ne ko wani kyakkyawan zato nake da shi. Na haura sittin, gwiwoyina sun ƙare, ban san mai tarbar mu ba, ban san inda ake sayen allurarsa ba. Mai yiwuwa nauyi zan zame masa. Ni dai ba zan iya zama a ɗakin nan ina sauraren hujjoji ba.

Da safen nan na je in yi maka sallama. Mata ba sa shiga maƙabarta a nan, ka sani, kuma kaburburan ba suna. Na tsaya a bayan katanga a gefen titi, motoci na wucewa, na ɗora hannuna a kan siminti mai zafi. Na yi fushi da kai shekaru masu yawa, amma a wurin nan na nemi fushin na rasa. Tausayinka kawai na ji, da kewarka.

Allah ya gafarta maka, ya gafarta wa Ilu, ya haɗa ku da mahaifiyarku a inda ba a jin kunyar haɗa ido. Allah ya ba Yusufa lafiya, ya sa mu faɗa hannun mutanen kirki. Ni da aka haifa ana jiyo kiran sallar Harami daga tsakar gida, nan ba da daɗewa ba zan tsaya a gidan wasu in tambayi ina ne gabas. In an nuna mini, can zan fuskanta sau biyar a rana har in mutu, kuma na san kana wajen.

Wassalam.

'Yarka,
Hadiza