Inna Ba Ta Durƙusa Ba

Zuwa ga ƙanena Sabi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sauron Karimama da zafin ranarta. Mu nan Nikki kowa ƙalau. Cikin matarka Bona ya tsufa, yanzu ba ta iya dakan sakwara, amma wajen ci ba a barin ta a baya.

Tun da aka jefa ka bakin iyaka saboda ka ƙi kulle 'yan babur ɗin da suka ƙi sa rigar jam'iyyar ɗan majalisa, Inna ba ta da zance sai naka. Kawu Boni ya dame ta cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, wai idan tsohuwa ta je ta ba mutumin haƙuri, waya ɗaya zai buga wa manyanka na 'yan sanda, a dawo da kai kafin Bona ta sauka. Ranar Juma'a Inna ta ɗaura zanenta na biki, na ɗaukar mata doya da zakara, muka tafi gidan ɗan majalisar.

A tsakar gidan muka tarar da Woru, wanda kuka gama horo tare, yanzu har ya fi ka igiya. Yana sanye da kakinsa, ya naɗe hannun riga, yana yi wa ragon ɗan majalisa wanka da sabulu, uwargidan kuma tana daga bene tana yi masa tsawa wai bai cuɗa wuya ba. Da ya hango Inna sai ya sunkuyar da kai. Wallahi Sabi, dariya ta zo mini, amma hawaye suka riga ta. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce mu juya, ita ba ta zo roƙa wa ɗanta wankan rago ba. Har yau Kawu bai sake taka gidanmu ba.

To, sarkin taurin kai, bana ba za ka dawo ba, haihuwar nan ma sai dai labari ya iske ka. Na san zai yi maka ciwo, mu ma yana yi mana. Bona tana gaishe ka, da 'yar'uwarmu Yon da yaranta, Kawu ma na san a ransa yana gaishe ka. Inna ta ce ka zauna inda kake, gara ta yi ta kewarka da ta gan ka yadda ta ga Woru.

Taka har kullum,
yayarka Bake