Gonar da Aka Nome Ranar Alhamis

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bishara da dattawan ikilisiyarmu ta nan Greensboro,

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Saratu Bitrus ta unguwar Glenwood, mahaifiyar Rahila, wadda kuka ɗora wa hannu kuka aika aikin bishara wani ƙauyen Shonawa a Zimbabwe. Na nemi ganinku bayan sujada, aka ce in turo imel. Na turo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na fito fili, don maganar ta hana ni zama.

Na farko, ba ji na yi ba, ina wurin. Ni ce mai dafa wa tawagar da kuka tura kafin daminarsu abinci. Na ga yadda Rahila take zaune da mutanen nan. Tana zuwa rijiya da matansu, tana tuƙa musu sadza, wato tuwon masararsu, tana durƙusawa ta tafa hannu in za ta gai da manya, kamar yadda suke yi. Suna da rana guda a mako da suke kira chisi, ranar da ba a taɓa ƙasa da fartanya, domin girmama kakanninsu. A ƙauyen nan Alhamis ce. Rahila ba ta yi faɗa da ranar ba. Da ta ga mata a sake suke, sai ta mai da ita ranar zumuntar mata, ɗakin sujada yana cika har ƙofa.

Na biyu, jagoran tawagarmu, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, ya ɗauko hayar tarakta don a nome gonar da mai gari ya ba ikilisiya. Ranar Alhamis! Wai jirginmu ya kusa, kuma yana so a ɗauki hoton da za a nuna muku. Rahila ta roƙe shi har da hawaye ya bari sai Juma'a. Ya ce dukan ranaku na Ubangiji ne, shi ba ya ƙarƙashin dokar matattu. Ƙarar taraktar ce ta katse waƙar mata. Suka fito suka jeru a bakin gona. Mbuya Tsitsi, tsohuwar da ta koya wa Rahila yarensu, take kiranta 'yata, ta juya mana baya ta tafi gida. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu, na rasa inda zan sa fuskata don kunya.

Na uku, mai gari ya yanke hukunci irin wanda yake yanke wa ɗan garin da ya karya chisi: a zo gabansa a ba da haƙuri, a kawo akuya ta tara, in ba haka ba ya karɓe gonar. Masarar gonar nan ita ce abincin marasa lafiyar da ke karɓar magani a ɗakin shan maganinmu na ƙauyen, kuma maganin ba ya shayuwa da yunwa. Ku kuwa kuka zauna a nan kuka ce ba da haƙuri bautar gumaka ce, kuka umarci Rahila ta tattara kayanta ta dawo kafin Kirsimeti, wai ta yi sassauci da al'adun arna. Wanda ya yi ɓarnar yana nan yana zama a kujerar gaba ranar Lahadi. Laifin wani, hukunci a kan wani.

Ban ce ku yi imani da chisi ba, ni ma ban yi ba. Amma kakana Bamaguje ne a ƙasar Malumfashi. Mai bisharar da ya zo masa bai fara da sare itacen da suke girmamawa ba. Zama ya yi ya ci tuwonsu, ya yi jinyar 'ya'yansu, har kakana ya bar itacen da kansa. Da tarakta ya zo masa da ita, da yau ba ni cikinku.

Tun da na dawo hankalina ba ya jikina. A kantin da nake aiki a titin Wendover sai in ninke tawul in warware in sake ninkewa. Bas ta wuce da ni tashar unguwarmu ban sani ba. Rahila ta ce ruwa ya sauka can, kowa ya yi shuka, tamu gonar ce kaɗai ciyawa take ci. Ranar Alhamis kuma ita kaɗai take zama a ɗakin sujada.

Don haka ina roƙonku ku janye umarnin dawo da ita. Ku aika wanda ya sa aka nome gonar nan ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, tun lokacin shuka bai wuce ba. In kuma girma ya hana shi, ku ba ni izini in je da sunan ikilisiya. Na koyi tafin da matansu suke yi, Mbuya Tsitsi ce ta gyara mini hannu tun kafin abin ya faru. Gwiwoyina sun tsufa, amma har yanzu suna kaiwa ƙasa.

Allah ya ba ku hikima da tawali'u, ya albarkaci aikin hannuwanku, ya sa ku amsa mini kafin wata Alhamis.

Wassalam, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Taku cikin Almasihu,
Saratu Bitrus, Glenwood.