Alkamar Arba'in ɗin Mama

Zuwa ga Yayata Zinaida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Tudor da yara, kuma ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana iya leƙa garka. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ba Mama hutawa tare da tsarkaka. Ni ina nan ƙalau, sai aiki da kewar gida. Direba Ilie zan ba wasiƙar nan tare da kwalbar man zaitun, ki duba bakinta da kyau, kin san halin mutuminki.

Yaya, maganar da kika yi mini a waya ranar jana'iza ba ta bar ni ba. Kin ce da aka ɗaga tiren koliba, dafaffiyar alkamar da muke yi wa mamaci, a bakin kabari, gefen da ya kamata in riƙe babu kowa. Na san zafin rashi ne ya sa ki, kuma kin san takardun zamana ba su fito ba, in na bar Italiya babu dawowa. Duk da haka ta soke ni. Sai na ƙudurta arba'in ɗin Mama ba za ta wuce ba sai na dafa mata alkama da hannuna an yi addu'a a kai. To amma a ina? Tun zuwana garin nan ban ga coci irin namu ba. Na Katolika na taɓa shiga. Mutanen kirki ne, amma a zaune suke sujada, kafin ƙafarki ta san kin zo an tashi. Da na yi alamar gicciye daga dama, wata tsohuwa har kama hannuna ta yi tana gyara mini. Wa zan yi wa zancen koliba a nan?

Alkamar ma ta gagara. Kowane kanti gari ne da taliya, sai a shagon abincin dabbobi na samu tsaba. Ina tsaye ana auna mini, da zuma da zabibi a jakata, sai na ji wata a bayana da harshenmu ta ce, "Ke 'yar'uwa, kaji gare ki ko rasuwa aka yi miki?" Yaya, a gaban mai shago na fashe da kuka. Sunanta Domnica, daga wajen Orhei take, wata gajera mai baki, ita ma tsoho take jinya. Ta ce a garin nan babu mai sayen tsabar alkama haɗe da zuma sai namu, kuma sai mai makoki. Ta damƙi alkamar ta watsar, ta ce, "Wannan ko sati kika yi kina dafawa haƙori za ta karya. Uwar taki laifin me ta yi miki?" Ina hawaye ina dariya.

Ashe muna da ikilisiya ban sani ba! Wata tsohuwar majami'a ce bayan injin matsar zaitun, 'yan Katolika suka ba mu aro. Fada Casian yana zuwa daga Foggia ranar Alhamis da yamma, don lokacin ne ake sakin masu jinya irinmu su sha iska. Domnica ta kawo mini surfaffiyar alkamar gida, na wanke na dafa yadda Mama ta koya mana, na zana gicciye a kai da sukari. Kaka Assunta, tsohuwar da nake kula da ita, tana daga kekenta tana sa ido, wai yau kuma abincin tantabaru za a ba ta.

Ranar Alhamis ɗin, 'yar Kaka da ke karɓata ta bugo waya wai ba za ta samu zuwa ba. Ba a barin Kaka ita kaɗai ko na minti ɗaya. Na zauna a kicin na zuba wa tiren ido, na ce shi ke nan, nan ma gefena zai zama babu kowa. Sai tsohuwar nan ta buga sandarta a ƙasa, ta ce, "Keken nan ado ne? Ɗora mini tiren a cinya ki tura, sarkin kuka." Haka muka ratsa gari, tana rungume da koliba tana yi wa masu mota tsawa.

Mata ne cike da wurin, kowa da kallabi, kowa a tsaye. Ƙanshin turaren kaɗai ya mayar da ni cocinmu na ƙauye. Fada ya ambaci sunan Mama, Profira, ya faɗe shi daidai, ba yadda mutanen nan suke murɗe sunayenmu ba. Da aka fara waƙar tunawa na ɗauki tiren, ina ɗagawa ina saukewa tare da waƙar, ga shi da nauyi. Sai Domnica ta kama ɗaya gefen. Sai na ji hannu a kafaɗata, na waiga, na ga kowace ta dafa ta gabanta har bakin ƙofa, kamar yadda ake yi a gida. Ba wadda ta taɓa ganin Mama a cikinsu. Kaka Assunta ba ta kai kafaɗa ba, sai ta riƙe bakin siket ɗina tana ɗagawa tana saukewa tare da mu. Bayan an tashi ta cinye kofi biyu na abincin tantabarun.

Na gode wa Allah, Yaya, na gode wa matan nan. Yanzu duk Alhamis ina can, har sun ɗora mini wankin kofuna, Domnica ta ce a nan ne kawai muryata ba za ta ɓata waƙa ba.

Ki gaida Baba, ki ce ya riƙa shan maganinsa. Ki gaida Tudor, da Gwaggo Eudochia, da yarana Sanda da Mircea, ki sumbace mini su. In kin je kabarin Mama ki kunna kyandir, ki gaya mata autarta ta riƙe gefenta, kuma ba ita kaɗai ta riƙe ba.

Taki ƙanwa,
Aurica